Husaina Mai Fura da Nonon Wake

A Tudun Wadan Gusau, in baƙo ya tambayi gidan Malam Yari kafinta, sai mutane sun ɗan yi tunani kafin su nuna masa. In kuwa ya ce gidan Husaina mai fura, kafin ya rufe baki an miƙa hannu. Malam Yari bai taɓa jin haushin haka ba. Shi da kansa in zai yi wa mai mota kwatancen inda za a sauke masa katako, da furar matarsa yake yi.

A Kwatarkwashi aka haifi Husaina, a wani gida da ke gindin dutse, inda rana kan makara fitowa. 'Yan biyu ne su, amma Hasana ta koma tun ana goyonsu, sai kakarsu ta ɗauki wadda ta rage ta yaye ta, ba ta kuma mayar ba. Tsohuwar mai fura ce. A gabanta Husaina ta koyi surfen gero da wanke shi, da yadda ake daka shi da citta da kanumfari da masoro, a cura, a dafa, a kirɓa tun da zafinsa har hannu ya yi ja. Tsohuwar ba ta yabo. In fura ta yi kyau sai ta yi shiru, in ta yi gari-gari sai unguwa ta ji.

Yari mutumin Bunguɗu ne. Ya zo gidan ne gyaran ƙyaure, aka kawo masa fura a matsayin baƙo. Aikin yini ɗaya sai ya ƙi ƙarewa. Yau ya manto ƙusa, gobe ya ce katakon bai bushe ba, har tsohuwar ta gane, ta ce masa in ƙyauren ya gagare shi ya turo manyansa su duba. Ya turo su. Bayan aure suka zauna a Bunguɗu, da aka yi jihar Zamfara kuma aikin gini ya buɗe a Gusau, suka kwaso kayansu suka dawo birni. A nan suka haifi 'ya'yansu, a nan Husaina ta kafa sana'ar kakarta a zaure.

Mai fura ba ta da ƙarfi sai da mai nono. Ta Husaina ita ce Daso, wata Bafillatana doguwa mai ƙarancin magana, daga wata ruga da ke kusa da Wanke. Da hantsi take isowa da ƙoranta a kai, ta sauke a tsakar gida, ta buɗe faifai. Kindirmonta in an sa ludayi sai ya yanku kamar tuwo. Tun suna 'yar ciniki har suka zama ƙawaye. Daso ta zo sunan autar Husaina, Rufaida, da ƙwaryar man shanu. Husaina kuma ta je ruga bikin ɗan Daso, ta dawo tana ba da labarin sauro.

Shi kuwa Malam Yari, fura ce abincinsa na rana tun da ya yi aure. Daga masallaci bayan azahar zai shigo, ya zauna a kan tabarma ya miƙe ƙafa, a ajiye masa ƙwarya. Da shekaru suka ja, turamen haƙoransa suka fara zuba, sai furar ta zama ita ce rabin abin da ke riƙe shi.

Sai daji ya ɓaci. Aka fara jin an kore shanun wane, an tashi rugar wane. Daso takan zo yau ta yi fashin gobe, nonon ma ya ragu, har wata rana ta daina zuwa. Husaina ta yi ta cigiya a wurin masu zuwa daga Wanke. A ƙarshe wani mai kawo itace ya gaya mata ɓarayin daji sun kwashe garken gidan su Daso kaf, mutanen rugar sun watse, ba wanda ya san inda suka nufa. Ran nan Husaina ba ta kirɓa fura ba.

Amma ciki ba ya jiran makoki. Ta yi abin da sauran masu fura suka yi, ta koma sayen nonon da ake haɗawa da madarar gari. Fari ne, yana da tsami, masu saye ba su cika ƙorafi ba. Cikin Malam Yari ne ya ƙi. In ya sha, kafin la'asar cikin ya kumbura yana ƙugi, ya yi ta zarya bayan gida. Aka jiƙa masa saiwoyi, aka dafa masa ganyaye, abu ya lafa ya dawo. Rufaida, wadda a lokacin ta yi aure a Furfuri, ta zo ganin gida ta tarar uban ya faɗa, ta matsa sai da ya yarda suka je asibiti. Likita ya yi tambayoyinsa, ya ce akwai mutanen da in girma ya zo cikinsu kan daina karɓar madarar shanu, musamman wadda ba ta kwana sosai ba. Ya ce a ɗauke masa ita gaba ɗaya a ga yadda za a yi.

Aka ɗauke, ciki ya kwanta. Sai dai furar Malam ta koma farau-farau, gero da ruwa. Yakan yi bisimilla ya sha ludayi kaɗan, ya rufe ƙwaryar da faifai, ya ce alhamdu lillahi. Husaina in ta zo ɗauka sai ta ji ta da nauyi kamar ba a taɓa ba. Ta fi son ya yi faɗa. Ta ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ta ga ya fara zama yana hutawa tsakanin yankan katako ɗaya da na biyu.

Daga nan ta shiga neman abin da zai maye gurbin nono. Ta fara da kunun aya, don kowa ya san farinsa da gardinsa. Malam ya kurɓa, ya ɗaga kai.

"Wanga ai na buɗa-baki ne, Husaina. Zaƙi ya yi mishi yawa."

Ga shi kuma in zafi ya taso, kafin la'asar ya fara kumfa. Ta koma gyaɗa, ta markaɗa ta tace ta dafa. Wannan ya fi kauri, amma maiƙo ya taso saman furar, Malam ya ce tun azahar yake gyatsar gyaɗa har isha'i. Ta jiƙa garin 'ya'yan kuka, wanda masu nono kan ƙara don auki. Tsami ya samu, fari ya samu, sai dai ba ya riƙe ciki.

"Ki bar wahal da kanki," in ji Malam Yari. "Wanda ya sha kindirmon Daso shekara da shekaru ai ya ci rabonshi."

Ba ta bari ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Lidiya, wadda unguwa ke kira Maman Godiya. Ita da mijinta Zakariya mutanen kudancin Kaduna ne, aikin gwamnati ya kawo su Gusau, ya yi ritaya suka ga ba inda suka sani kamar nan. Tana kiwon kaji, tana soya cincin. Da Kirsimeti shinkafarta kan tsallako katanga, da Salla kuma naman Husaina ya tsallaka. Wata safiya Lidiya ta shigo aron rariya, ta tarar da Husaina zaune a gaban ƙore uku, kowace da irin farin ruwanta, ta yi tagumi.

"Maman Rufaida, wannan kuma gwajin mene ne?"

Husaina ta kwashe labari ta gaya mata. Lidiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Kin gwada waken suya?"

"Na awara? Mi ya haɗa wake da hura?"

"Kafin ya zama awara ai madara ne. Da shi na raini Godiya bayan yaye, lokacin da madarar gwangwani ta fi ƙarfinmu. Kin dai ga Godiya."

Husaina ta ga Godiya, ƙatuwar mace ce mai ɗaukar buhu ita kaɗai. Duk da haka ranta bai kwanta ba. A saninta waken suya abin 'yan makaranta ne da abincin kaji, kuma ta taɓa kurɓar madararsa a wani gidan biki, gafin ya bi ta har gida. Ta faɗi haka.

"Wadda ta yi shi ce ta yi gaggawa," in ji Lidiya. "Ki jiƙa mudu ɗaya yau, gobe zan shigo."

Washegari Lidiya ta zo da zaninta na aiki. Ta sa Husaina ta murje waken da ya kwana a ruwa har ɓawon ya saki ya taso, suka tsiyaye, suka sake, sai da ya fita tas kamar an fere shi. Aka kai inji aka markaɗo, suka tace da farin ƙyalle. Da aka ɗora a wuta, Lidiya ta ja kujera ta zauna a bakin murhu.

"Nan ne ake faɗuwa. Kada ki matsa, yana tafasa zai hau ya zube. Ki riƙa kwashe kumfar, ki bar shi ya dahu sosai. Ɗanyen wake ba ya yafiya."

Suka zauna suna juyawa suna hira, hayaƙi na korarsu daga wannan gefe zuwa wancan. Da aka sauke, Husaina ta sunsuna. Gafin ya tafi, sai wani ƙamshi mai laushi kamar na sabon ƙosai kafin a sa shi a mai.

Ta ba Malam kofi ɗaya da ɗuminsa, ba ta ɓoye masa ko mene ne ba. Ya sha. Ta yini tana kasa kunne ga cikinsa kamar mai jiran hadari. Shiru. Kashegari ma shiru. Amma da ta dama fura da shi, Malam ya juya ludayi ya ce, "Yana da kirki. Sai dai hura ba tsami, kamar kasuwa ce ba mutane."

Tsami dai ba abu ne mai wuya ba, in ji Husaina a ranta. Ta jiƙa tsamiya, ta tace, ta zuba a tukunyar madarar tun tana tururi. Tana tsaye tana kallo madarar ta tsinke, ta dunƙule, ruwa ya ware gefe guda. Ta yi awara ba da niyya ba. Lidiya da ta leƙo ta yi dariya har da riƙe katanga. Ran nan gidaje biyu suka ci soyayyar awara da yaji, Malam Yari ya ce in kuskure irin wannan ne a riƙa yi.

A bakin injin markaɗe Husaina ta ga Daso. Da farko ba ta gane ta ba. Wata doguwar mace ce dai a layi da ƙullin masara, ba ƙwarya a kai, ba awarwaro a hannu. Sai da matar ta juyo. Suka tsaya suna kallon juna cikin ƙarar inji. Husaina ta kama hannunta ta ja ta gefe.

Daso ta ce sun yi yawo, sun zauna wurin dangi har zaman ya yi nauyi, yanzu suna wani kangon gini a bakin gari. Mijinta na gadi, ita kuma tana wankau a gidaje.

"Kina cikin garin nan ba ki zo ba?"

Daso ta sunkuyar da kai. "In zo da mi, ƙawa? Hannu biyu?"

"Da ƙafa biyu za ki zo. Tashi mu tahi."

A tsakar gida Daso ta hangi ƙwarya rufe da faifai, farin abu na leƙowa ta gefe. Ƙafarta ta kai ta wurin kafin ta yi shawara. Ta buɗe, ta sunsuna, ta mayar da faifan a hankali.

"Wanga ba na nagge ba ne."

Husaina ta ba ta labarin cikin Malam, da aya, da gyaɗa, da awarar da ta yi kanta. Daso ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ku Hausawa kun ɗauka zuba tsami ake yi. Nono kwana yake yi. Iri ake sa mishi, a rufe, a ba shi wuri mai ɗumi, shi ya san sauran."

"To ko wanga zai kwana?"

"Wake ne. Ban taɓa tatsar wake ba."

Ta tafi a kan haka. Husaina ta ɗauka maganar ta mutu. Bayan kwana biyu sai ga Daso da sassafe, da ɗan kindirmo na gaske a gwangwani, wanda ta roƙo wurin wata 'yar'uwarta, da wata tsohuwar ƙwarya baƙa ƙirin a ƙunshe cikin zani. Ƙwaryar nan kaɗai ta tsira da ita ranar da suka gudu.

Ta jira madarar ta huce, tana gwadawa da bayan yatsa, har ta kai ɗumin nonon da aka tatso yanzu. Ta sa irin kaɗan, ta rufe, ta naɗe da tsumma, ta ajiye kusa da murhu. Na farko ya tashi da wari, aka zubar. Na biyu ya yi ruwa tsululu. Daso ta zauna tana duban ƙwaryar, kamar mai sauraron maras lafiya. Can ta ce nonon saniya da zaƙinsa yake zuwa, wannan kuwa salam yake, irin ba ya samun abin ci. Aka sa sukari kaɗan. Da gari ya waye Husaina ta ɗaga faifai, ta sa ludayi, ya yanku.

Ta dama wa Malam bayan azahar. Mata uku, ita da Daso da Lidiya, suna tsakar gida, kowace ta sami abin da take yi da hannunta, ba mai kallon ƙofar ɗaki. Suka ji ludayi na karo da ƙwarya, suka ji shiru, suka sake jin ludayi. Can Malam ya yi gyaran murya.

"Husaina."

"Na'am, Malam."

"Ba shi ba ne." Ya ɗan dakata. "Amma in da saura ƙaro mini."

Daso ta juya baya tana gyara ɗaurin kallabinta, ta daɗe tana gyarawa.

Tun daga ranar ba a sake neman irin nonon shanu ba, na jiya ake ɗiba a sa wa na yau. Cikin Malam bai motsa ba. Kafin damina ta fita ya mayar da jikinsa, har ya karɓi aikin kujerun wata makarantar Islamiyya, ya kuma kafa wa matarsa rumfa a ƙofar gida ba tare da ta roƙa ba.

Da Husaina ta fitar da nonon waken kasuwa, wata mai fura ta ba ta shawara ta yi shiru kawai, ba mai ganewa. Husaina ta ƙi. Duk wanda ya miƙo kwano sai ta ce, "Na wake ne, ka sani." Wasu suka janye kwanonsu. Wani dattijo da ya yi shekaru yana saye ya ce shi bai tsufa ba don ya sha wake da ludayi, ya tafi bai dawo ba, kuma har yau in ya wuce gaisuwa ce kawai. Abin ya yi mata zafi, don ta san shi tun yana kawo 'ya'yansa. Amma wasu suka zo da ba ta taɓa gani ba. Ashe masu irin cikin Malam suna da yawa a gari, kowa na fama da nasa a ɓoye, wasu sun haƙura da fura shekaru. Direbobin hanyar Tsafe suka gano cewa ba ya sa su tsayawa a daji. Su suka kai labarin tasha, su kuma suke kawo mata sabon wake daga can in kaka ta yi.

Daso ta bar wankau. Ita ke kula da kwanan nono, ba mai taɓa ƙwaryarta, ita kuma ke ɗaukar rabi a kai ta zaga ma'aikatu. Har yau ba ta yarda ta kira shi nono ba, kuma ba a taɓa ganin ta sha a gaban mutane ba. Dusar da ke fita wajen tata ana raba ta biyu, rabi na kajin Lidiya, rabi na wata tunkiya da Daso ta saya ta ɗaure a bayan kangonsu. Lidiya na cewa kajinta sun fi na kowa ƙwai a unguwar, Zakariya na cewa sun fi na kowa surutu.

Bara da kaka Rufaida ta zo da saƙo daga Furfuri. Matan unguwarsu sun ce mazansu na noma waken nan buhu-buhu, a auna wa 'yan kasuwa a loda a mota, 'ya'yansu kuma na shan koko tsura. Suna roƙo Inna ta zo ta nuna musu. Husaina ta ce ita ba malama ba ce. Malam Yari ya ce ai ba wa'azi aka ce ta yi ba.

Suka tafi ita da Daso a motar haya, tukunya da ƙyallen tata a cinya. Sun zaci mata biyar ko shida za su tarar, sai suka iske gidan surukan Rufaida cike har zaure, wasu da goyo, wasu da wakensu jiƙe a bokiti tun jiya. Husaina ta ji kunya ta kama ta, ta rasa ta inda za ta fara. Sai ta hangi wata amarya a gefe tana shirin kai nata inji da ɓawonsa. Ta aje mayafi, ta naɗe hannun riga, ta tsugunna kusa da ita.

"A'a, ɗiyata, ba haka ba. Kawo bokitin nan. Ku matso ku gani, da tafin hannu ake murza shi."

Matan suka matso.